Nélida Mai Ƙirga Numfashin Mutane

Nélida Benítez ta shiga wata makarantar koyon jinya a garin Villarrica tana da shekara talatin da ɗaya, bayan shekara tara tana sayar da chipa, wani burodin rogo da cuku, a tasha. Karatu bai ba ta wuya ba, sai allura. Da ta ɗauka hannunta ke kama rawa. Sau biyu ta faɗi a gwajin yin allura, na uku kuwa shi ne na ƙarshe.

Aka tura ta ajin koyon natsuwa na Malama Eulalia. Ɗalibai suka kwanta a ƙasa, aka ce kowa ya rufe ido ya ƙirga numfashinsa. Da aka tashi, Malama ta tambayi Nélida adadin.

"Na kaina ban ƙirga ba, Malama. Amma Fermina sha biyu take yi a minti. Barci ta yi."

"Munafuka," in ji ƙawarta Fermina, "wa ya aike ki?"

Malama ta yi dariya. "Ranar gwaji, 'yata, ƙirga na wanda za ki soka."

Haka ta yi ranar Alhamis. Tana kan na bakwai allurar ta shiga, hannunta ko motsi. Fermina ce ta ba da damtsenta, ita ce kuma ta suma.