Bindigata Mai Cin Hagu

Shekarar samun mulkin kai, bindigar tokata hagu take ci. In zan harbi biri a gonar dawata ta Kebbe, kamu guda nake kaucewa dama, in kuwa same shi. Shisshigi ya sa na kai ta Tambuwal, maƙeri ya maƙala bututun a gwafar itace ya miƙar da shi. Amma hannuna ya riga ya saba. Birai na cin dawa, ni ina ta harbin kututture a gefensu.

Na koma da faɗa. Maƙerin ya ce, "Malam, ƙarfe nika gyara, ba mutum ba."

Na ce ya mayar mini da karkatata. Ya lanƙwasa, amma dama ya yi. Dawar shekarar nan birai na noma wa.