Ramin da na haƙa wa kakata da gawayi

Lokacin da nake aiki a sakatariyar Gwaram, akwai wata bishiyar darbejiya a bayan ofishinmu, nan kaɗai waya ke samun sabis mai ƙarfi. Da an idar da azahar sai in ja benci in zauna ina leƙe-leƙe. A nan na ci karo da bidiyon wani mutum a wata ƙasa, ya durƙusa a kan titi da alli da gawayi, ya zana rami. Zane ne kawai, amma masu wucewa sai su yi turus, su kewaye. Wata mata har da riƙe ƙirji.

Na kalla ya fi a ƙirga. Daga nan na bi sawun irinsu, masu zana matakala a ƙasa, masu zana taga a bango. Na yi makonni ina gwaji a bayan tsofaffin takardun ofis, har na gane sirrin: inuwa ce ke yin aikin, kuma daga kusurwa ɗaya tak idon mutum ke ruɗuwa.

Wata Asabar na shiga mota zuwa Birnin Kudu, gidan kakata ta wajen uwa. Tsakaninmu sai tsokana, ita ta ce min maigida, ni in ce mata amarya. Na tarar ta tafi suna a maƙwabta. Tsakar gidan kuwa sabon daɓen siminti, sumul. Shaiɗan ya ce min ga dama.

Na kwaso gawayi daga murhunta, na haɗa da toka da allin da na zo da shi. Na yi ta komawa bakin zaure ina dubawa ina gyarawa, har ramin ya yi zurfin da ni kaina na ji tsoro. Sai na laɓe a bayan rumbu.

Ta shigo da ƙullin goro a hannu, ta tsaya cak.

"Innalillahi! Wa ya haƙa min rijiya a gida?"

Ta ja baya, ta leƙa, ta sake ja. Can sai ta cire takalminta ɗaya ta jefa. Takalmin ya zauna daram a tsakiyar ramin, bai faɗa ko'ina ba. Ta daɗe tana kallonsa.

"Fito, maigida," in ji ta. "Duk zuri'ata kai kaɗai ne marar aikin yi."

Na fito ina dariya har da hawaye, na ɗauko bokiti zan wanke. Ta buge min hannu.

"Kar ka taɓa! Hajiya tana nan tafe."

Hajiyar nan ƙawarta ce tun ƙuruciya, kullum ba ta tashi zuwa sai an sauke tukunya. Muka shimfiɗa tabarma a ƙetaren ramin, muka sa kwanon dambu a gaba. Ba a jima ba sai ga sallama. Hajiya ta ga rami, ta ga dambu.

"Ƙaraso mana," in ji kakata, fuska ba ko murmushi. "Masu gyaran famfo ne suka bar shi. Bi ta gefe, kar ki duba ƙasa."

Baiwar Allah ta manne da bango, tana ja da gefe kamar ƙadangare, tana karanto duk addu'ar da ta sani. Saura taku biyu ta tsira, wata kaza ta ratsa ta kan ramin abinta. Zagin da muka sha ranar, ni da tsohuwa, ya ishe mu guzuri, amma Hajiya sai da ta cinye dambun.

Da la'asar kakata ta karɓi wayata. Na nuna mata bidiyon wasu mata da ke yi wa bangon ɗakunansu ado da jar ƙasa da farar ƙasa. Ta kawo fuskarta dab da gilashin, ta ce hannunsu da kyau, amma layin ɗaya daga cikinsu ya karkace, a faɗa mata. Na rubuta wa matar saƙon a ƙarƙashin bidiyon kamar yadda kakata ta ce. Bayan kwana uku matar ta amsa da yarenta, na sa waya ta fassara: ta yarda ya karkace, tana gaida kakata.