Kulu da Gambar da ke Tafiya

Sana'ata gyaran waya ce a Daura, ina kuma sayar da 'yan kayan sola. Na ga masu saye iri-iri, amma ban taɓa ganin wadda ta wanke kayana da ruwan buta kafin ta saya ba sai Kulu mai daddawa.

A garin Babban Mutum aka haife ta, aure ya kai ta wani ƙauye kusa da Baure. Tun tana yarinya ba a taka ta ta yi shiru. Da mijinta Hamma ya rasu aka raba gado, tumuninta na takaba ya faɗo a kan wata 'yar gona da ke jikin ta Sada, ƙanen marigayin. Layin gamba ne iyakarsu, kamar yadda aka saba.

To gambar nan sai ta koyi tafiya. Duk damina in Sada ya zo huɗa da shanunsa, garma ta ɗan lashi kunya guda, a tuge gamba a sake dasa ta gaba kaɗan. Mai wucewa ba zai lura ba, amma Kulu ta ga damman geronta suna raguwa. Ta kai ƙara kotun shari'a, dangin miji na ta tsine mata. Alƙali ya nemi shaidu, babu, domin ba wanda ya taɓa tsayawa ya ga gamba na matsawa. Sada ya yi rantsuwa ya koma gida abinsa. Har yau in na tuna rantsuwar nan raina ɓaci yake.

Bayan haka ne ta shigo shagona, ƙamshin daddawa ya riga ta sallama.

Ta ce, “Ɗan nan, shaida nake nema wanda ba ya barci, ba kuma dangin Sada ba ne.”

Na nuna mata waya mai kyamara. Ta tambaya ko za ta kwana a gona tun daga shuka har girbi. Na ce, “A'a, Inna, kwana biyu batir zai mutu, rana kuma ta dafa ta.” Na ɗauko babbar kyamara irin ta masu hoton biki, ta taɓe baki ta ce wannan ai ɓarawo za ta yi wa sayayya. Sai na tuna da wata 'yar ƙarama mai kalar ɓawon itace, wadda ake saita ta ta riƙa ɗaukar hoto da kanta kowace safiya, ga ɗan faifan sola a kai. In an jera hotunan a guje, abin da ya yi wata yana motsi sai ka gan shi cikin ƙiftawar ido.

Na ce ruwa ba ya shigarta. Sai ta ɗauki butata ta alwala ta juye mata tas. Kyamara ta ci gaba da aiki, Kulu ta ce a naɗe mata.

Gawon da ke bakin iyaka ta zaɓa, tunda shi da damina yake zubar da ganye, ba abin da zai tare hoto. Na so mu ɗaura a ɓoye, ta ƙi. Sai da ta bari an sauko daga masallacin Juma'a, sannan ta sa na hau bishiyar mutane na kallo, ta ɗaga murya yadda Sada zai ji: “Ga shi nan! In gamba ta ƙara tafiya, za mu ga ƙafar da ta ara.” Wasu suka yi dariya, wasu suka ce tsufa ya fara taɓa ta. Ko a jikinta.

Da kaka ta yi na koma ciro memori. Ina buɗe murfi na tarar batir ya kumbura kamar fanke. Hotuna sun tsaya tun kafin noman farko, daidai lokacin da ake bukatarsu babu ko ɗaya. Na sauko na faɗa wa Kulu, na ce zan tafi da kyamarar Daura in gyara.

Kulu ta bi layin gamba da kallo daga wannan kai zuwa wancan. Gambar tana nan inda aka bar ta, ba ta gusa ko taki ba. Can nesa Sada na ɗaurin dami, yana satar kallon gawon.

Ta rage murya ta ce, “Koma ka rufe murfin, ka goge wa kyamarar ido da kyau Sada na kallo. Ni da kai kaɗai muka san ta mutu, ni kuwa ban ga dalilin kai masa ta'aziyya ba.”