Giyar da Gwiwar Baba Obi Ta Zaɓa

Har yau ban manta da ranar da Baba Obi ya turo kekensa rumfarmu ta gyaran keke a Fagge ba, a shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. Lokacin daga maigidanmu Alhaji Modu sai ni a rumfar, kuma ina ji da kaina.

Baba Obi Ibo ne, yana zaune a Sabon Gari tun kafin a haife ni. Burodi yake rarraba wa masu shayi daga Bata zuwa Singa. Kekensa na gwanjo ne, irin mai ƙatuwar taya da giya barkatai. Abin da ke canja giyar ne ya karye, ya zaga kasuwa bai samu irinsa ba.

"Ɗana, mayar mini da shi giya ɗaya kamar na kowa," in ji shi. "'Ya'yana sun ce gwiwata ta gama aiki, in tattara in koma gida. In suka sake ganina ina turin keke, ba ni da bakin magana."

Ga wanda bai san aikin ba, a jikin tayar baya akwai faya-fayai masu haƙora, manya da ƙanana. Sai a cire abin canjin da wayoyinsa, a zaɓi faifai ɗaya, a rage sarƙa daidai da shi. Da na duba, wani babba daga ciki haƙoransa duk sun cinye. Wani ƙarami kuwa kamar jiya aka ƙera shi. Mai gyara in ya ga lafiyayyen ƙarfe ba ya tsallake shi, don haka na ɗora sarƙar a kan ƙaramin. Na hau na zaga layi, keke na gudu kamar iska. Na miƙa masa ina jiran yabo.

Washegari da hantsi sai ga shi a ƙasa yana turi, burodi jibge a baya, yana ɗingishi. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi a mahaɗar Bata aka tsayar da masu ababen hawa, da aka ba da hannu ya kasa tayar da keken, motoci na ta yi masa hon.

"Wataƙila dai yaran nan gaskiya suka faɗa," ya ce, ya zauna a benci.

Alhaji Modu ya tsuguna, ya shafa faya-fayan da ɗan yatsa, sannan ya ɗago.

"Sani, me ya sa wannan ƙaramin bai ci ba?"

"Ƙarfensa ne mai kyau, Alhaji."

"Ƙarfensu ɗaya. Bai ci ba ne don mutumin nan bai taɓa iya taka shi ba. Wanda ya cinye, a kansa ya yi shekaru."

Kunya ta rufe ni. Ni da na gwada keke ba kaya, da ƙafar ɗan samari, na kusa sa dattijo ya yarda cewa ƙarfinsa ne ya ƙare.

Na ƙirga haƙoran babban, na tono wani lafiyayye mai haƙora daidai da nasa a cikin tarkacenmu, na ɗaura shi, na mayar da guntun sarƙar da na yanke. Wannan karon ban hau ba. Muka ɗaure masa burodinsa, ya taka sau ɗaya, keken ya tashi salin-alin. Ya kai ƙarshen layi ya juyo, yana dariya.

"Ashe da saurana, Alhaji."

Ya ƙara shekaru yana wucewa ta gaban rumfarmu, yana kaɗa mana ƙararrawa. Shi ya sa nake gaya muku, ku masu koyon gyara, in aka kawo tsohon keke, kada ku yi saurin jefar da abin da ya cinye. Ku fara duba shi, domin a nan ne mai keken ya daɗe yana taka ƙafarsa.