Kawu Sannu-Sannu da Tayoyin Malama

Shekara talatin da ɗaya Kawu ya yi yana jan motar ma'aikatan wata masaƙa, bai taɓa take ko kaza ba. Shi ya sa ake ce masa Sannu-Sannu. Da yanar ido ta rufe masa gani sai ya ajiye makulli, ya koma kan benci a ƙofar gida da rediyonsa. Tuƙi ya ƙare, amma har yau duk dangi ba mai sayen taya sai da shi.

Ranar wata Asabar 'yar ƙanwarsa, malamar makaranta, ta zo ɗaukarsa. Mai faci ya ce mata duk tayoyinta huɗu sun mutu. Kafin ya shiga motar sai Kawu ya durƙusa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu.

"Na baya suna da sauran rai. Na gaban ne suka cinye ta ciki. Biyu za mu saya, a kuma daidaita ƙafar motar, in ba haka ba sababbin ma haka za su cinye."

Layin masu taya shaguna ne a jere, an jibge tayoyi har rufi, warin roba ko'ina. A shagon farko aka mirgino musu wata baƙa wul, tana sheƙi, ga araha. Malama har ta fara buɗe jaka.

"Baba, taya mana," in ji mai shagon.

"Ba na taya tayar da ban taɓa ba."

Kawu ya zura farce cikin zanen, ya bi shi a hankali, sannan ya shinshina yatsansa.

"An sake yanka mata zane, an shafa mai. Tsohuwa ce ta sha kwalli."

Mai shagon ya yi dariya, bai musa ba. Suka yi gaba.

A shago na uku Kawu ya sa Malama ta nemo lambobi huɗu da ke gefen tayar ta karanta masa. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Sabuwa ce, ba ta taɓa taka kwalta ba, amma ta shekara bakwai a ajiye.

"Roba ko a zaune tsufa take yi, kamar ni," ya ce.

Sai a shago na biyar ya samu wadda ta kwanta masa. Nan ya nemi kujera ya zauna. Ya tambayi mai shagon iyali, ya tambayi kasuwa, ya taya, aka ce albarka. Ya miƙe kamar zai tafi, aka riƙo hannun rigarsa. Malama tana ta duban agogo, don ta bar takardun jarrabawa ba ta gama makawa ba. Daga ƙarshe aka sallama, har da ɗaurawa kyauta.

"Kawu, ragin nan bai kai wahalar yawon nan ba," ta ce da suka kama hanya.

"Ba ragi muka zo nema ba, 'yar nan. Yara uku kike ɗauka a bayan nan kullum."

Ya sauke gilashi, ya karkata kunne yana sauraron tayoyin a kan titi. Can ya ce ta rage gudu, akwai rami bayan gidan mai. An cike ramin tun bara, amma ta rage.