Nono Ɗaya Suka Sha

A bene ɗaya muka haihu ni da maƙwabciyata a unguwar Kudai ta Makka, sati guda tsakani. Ita ta kwanta ciwo bayan haihuwa, sai na haɗa ɗanta da nawa ina shayarwa. Ya zama ɗana ke nan a shari'a. Ba na sa mayafi a gabansa, Umma yake ce mini.

Mijina a nan aka haife shi, kakanninsa ne suka zo da ƙafa, don haka ɗan cikina ɗan ƙasa ne. Maƙwabciyata kuwa aikin Hajji ta zo daga Nijar ta zauna, ba ta da igama, wato izinin zama, ɗanta ma ba shi da takardar komai.

Suka girma, duka biyun babu aiki. Hukuma na ba matasan ƙasa tallafi duk wata kafin su samu abin yi, nawa ya nema aka ba shi. Na gode wa Allah, don mahaifinsa ya tsufa, haya kuma ba ta jira. Ɗayan kuwa keken guragu ya samo, yana tura tsofaffin alhazai ba izini. In askar, 'yan sandan nan, suka kama shi, ƙasar uwarsa za a kai shi, wadda bai taɓa gani ba.

Da Hajji ya matso, ya shigo ya ci tuwo a ɗakina, ya ce zai bi alhazai har Muzdalifa, can ake samu. Na ce bana an tsananta bincike, ya haƙura. Ya yi dariya.

"Umma, in na zauna wa zai turo mini saƙon kuɗi a waya? Ai ɗan'uwana shi ɗan sarauta ne, barci ma biyansa ake yi."

Ba da ɗaci ya faɗa ba, tsokanar da suka saba ce. Na so in ce wa nawa ya raba tallafin da ɗan'uwansa na wata biyu, a samu ya zauna gida. To amma ɗan fari ne. Yadda aka rene ni, ko sunansa ba na kamawa, balle in zaunar da shi in roƙe shi. Sai na aika ƙanwarsa. Ita kuma Larabci ya fi zama a bakinta, ta faɗa masa a tsaitsaye, kamar shawara. Ya ce kuɗin koyon tuƙi yake tarawa, tallafin ma ba mai ɗorewa ba ne. Gaskiya ya faɗa. Ban sake tayar da maganar ba.

A Muzdalifa aka kama shi, aka tasa ƙeyarsa Nijar. Ba da jimawa ba uwarsa ta tattara ta miƙa kanta ga hukuma, ta bi shi.

Da nawa ya ji, ya tsaya a ƙofar kicin, bai dube ni ba, ya ce, "Da ke kika gaya mini da bakinki, da na bayar."

A makarantar yaƙi da jahilci malamarmu ta taɓa cewa kowace ƙasa 'ya'yanta take fara dubawa. Ban musa ba. Ni dai na san lokacin da nake shayar da su, wanda ya fara kuka nake fara ɗauka.

Ɗayan yana kirana daga Nijar duk ranar Juma'a. Ya ce can dariyar Hausarsa ake yi, wai Balarabe. Yakan tambaya ko ɗan sarauta ya samu aiki. Ya samu, tasi yake ja. Na kasa gaya masa, sai in ce masa ana nan ana addu'a.