Ranar da Muryata ta Dishe

Duk Zongon Kwatano ba a yi wanda ya kai ni iya korar baƙin ciki ba. Na taɓa sa masu zaman makoki dariya har liman ya roƙe ni in fita. Na taɓa sa jandarma ya manta abin da ya kawo shi shagona. Shi ya sa da yayata ta aiko cewa ɗanta ya dawo daga jami'a ya shige ɗaki, ba ci ba magana, sai na ce ta kwantar da hankali, kawunsa na nan tafe.

Yaron nan shi ne na farko a danginmu da ya taka jami'a. Tun kafin ya san inda ƙofar ajin take, unguwa ta sa masa suna Dokta, kuma ni na raɗa sunan. Ni na saya masa takalmin da ya tafi da shi. Nawa na saya, kowa ya sani.

Na same shi kwance, ya rame kamar sillen kara. Na yi masa gaisuwar da gwamnati ta koya mana a lokacin: "Kamarad Dokta, a shirye kake don juyin juya hali?" Ya ce, "A shirye, kawu." Na ce lafiya? Ya ce lafiya lau. Sai na buɗe masa jaka: labarin bunsurun da ya shiga banki a unguwar Ganhi, da na direban da ya kai amarya gidan da ba nata ba. Yana murmushi. Da zan tafi ya miƙo mini rediyonsa, ya ce in riƙe, kuma in yafe masa. Na fito ina gaya wa uwarsa ya warke, har tukuici ya ba ni.

Kullum haka nake zuwa. Shi ma baffansa kullum yana zuwa, ƙanin marigayi ubansa, mai sayar da kayan mota wajen unguwar Jonke. Mutumin nan idan ya yi magana yau, sai ka jira bayan Sallah. Zama kawai yake a gefen tabarma, ni ina aiki.

Wata Asabar aka tara mu sharar unguwa, aka sa ni jan taken juyin juya hali saboda ƙarfin muryata. Na yi ihu har kifin teku ya amsa. Da la'asar na isa ɗakin yaron, na buɗe baki, babu komai sai iska. Dole na zauna.

Can baffan ya ce, "Ɗana, lafiya?"

"Lafiya lau, baffa."

"Na ji ta gaisuwa. Saura ta gaskiya." Ya dube shi. "An ce ka ba kawunka rediyo, ka raba littattafanka, kana neman yafiya. Kana tunanin kashe kanka ne?"

Na zabura. Wa yake furta wannan kalma a gidan Musulmi? Na yi ta daga hannu in tare zancen, murya ta ƙi. Yaron kuwa ya fashe da kuka, ya ce eh. Ya faɗi jarrabawa, ya ce, kuma duk wanda ya kira shi Dokta ji yake kamar an ɗora masa buhun siminti. Baffan bai yi wa'azi ba, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "To, ba za ka kwana kai kaɗai ba. Gobe mu ga likita tare."

Haka aka yi. Baffan ya kawo tabarmarsa ɗakin, ya riƙa raka shi asibiti, ya kuma hana a kira shi Dokta. Sunan da ni na raɗa! A hankali yaron ya fara cin tuwo, daga baya ya koma karatu. Sai ya zama in ya dawo hutu, shagon kayan mota yake fara sauka, su zauna su biyu kamar gumaka. Wai hira suke. Ni ina leƙe daga tsallaken titi, zuciyata na tafasa. Ko rediyon ma an karɓe.

Ranar walimar gama karatunsa na miƙe a gaban jama'a, na ce kowa ya shaida, ni ma ina ɗakin ranar da yaron nan ya juyo. Ya taso ya rungume ni, ya ce, "Gaskiya ne, kawu, ka taimaka ƙwarai. Da muryarka ba ta dishe ba, da yaushe zan samu wurin magana?"